Na Ce Masa Yana Nan da Rai

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

A bayan littafin awon kaya nake rubuta wannan, don shi kaɗai ne littafin da ba mai buɗewa a gidan nan. Yau kwana shida da dawowar mijina Irmiya. Kwana arba'in da ɗaya ya yi a hannun mutanen daji, tun ranar da suka tare shi a hanyar 'Yankuzo yana dawowa daga yi wa shanu allura. Mutane sai shigowa suke suna cewa, "Afiniki, ki gode wa Ubangiji." Na gode. Na faɗa a coci, na faɗa a tsakar gida, har mai kawo mana ruwa na gaya wa na gode. Amma mutumin da aka kwantar mini a ɗaki ban san shi ba. Baban Lami da na sani surutu ne da shi, har sai na roƙe shi ya bar ni in ji da ɗinkina. Wannan kuwa tun da ya shigo bai ce uffan ba.

Idon sawunsa na hagu ya ruɓe, wurin da ƙarfe ya zauna. Sau biyu a rana nake wankewa da ruwan gishiri. Bari in rubuta tunda ba mai gani: yana wari, kuma in na durƙusa gabansa riƙe numfashi nake yi.

Koko cokali uku ya sha.

Talata, 3 ga Disamba, da hantsi

Mama Fasto ta zo da atamfar ankon zumuntar mata, riga da zane na mutum goma sha bakwai, wai duk kafin Kirsimeti. Kamar wannan bai isa ba, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Maman Lami, ke za ki yi mana magana a taron Alhamis ta ƙarshe kafin Kirsimeti. Allah ya zama mutum, to mu me za mu yi da wannan a gidajenmu? Ke kika ga ikonsa a bana, bakinki ya fi dacewa."

Na ce to. Mama Fasto in ta dafa kafaɗar mutum, ba a'a a bakinsa. Da ta tafi na zauna ina kallon atamfar. Wanda ya zaɓi kalar nan Allah ya shirye shi, ruwan goro da shuɗi, ko labule ba zan yi da ita ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, bayan azahar

Na yi baƙo. Wani dogo, siriri, da rigar da ta sha wanki har ta koɗe. Ya tsaya a waje yana ta sallama, ya ƙi shigowa sai da na fita. Sunansa Mas'udu. Mutanen 'Yankuzo ne, amma sun taso sun dawo cikin Tsafe, gidan kawunsu Malam Shu'aibu, bayan injin niƙa. Yayansa Yahuza manomi ne, tun kaka aka ɗauke shi a gona. Wata mata da aka sako ta gaya musu ta gan shi an haɗa ƙafarsa a sarƙa ɗaya da wani malamin dabbobi, Kirista, mutumin Gusau. Kwana biyu Mas'udu ya yi yana tambaya unguwa-unguwa kafin a nuna masa gidanmu.

Ya ce, "Inna, ba wani abu niz zo nema ba. A tambaya min maigida kawai, ya yab baro shi? Matatai Hajjo ba ta ci, ba ta sha."

Na shiga ɗaki na durƙusa na ce, "Baban Lami, ƙanen Yahuza ne a waje." Da ya ji sunan sai ya runtse ido, ya juya fuska bango. Na jira. Na sake faɗa. Shiru.

Na fito na tarar da mutumin nan tsugune a gindin katanga, ya zuba mini ido. Tun daga Tsafe ya biyo hanyar nan saboda kalma ɗaya. A wurinmu wa ke mayar da mai tambayar majinyaci da "ban sani ba"? Ko mutum na kan gargara cewa ake da sauƙi. Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ya ce yana nan da rai. Ya ce da sauƙi."

Ya kifa goshi a ƙasa, nan ƙofar gidana, kusa da kwata. Da ya ɗago ƙasa ce manne a fuskarsa yana dariya. Ya rubuta mini lambarsa a bayan kwalin ashana. Ko ruwan da na kawo bai sha ba, wai yana sauri ya kai wa Hajjo.

Wataƙila ma gaskiya na faɗa. Wa ya sani?

Asabar, 7 ga Disamba, da safe

Cokali uku. Riga huɗu na gama.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan tashi daga coci

Na zauna in tsara abin da zan faɗa wa mata, sai tunanina ya tafi wani wuri. Shekara nawa ina jin Allah ya ɗauki jiki, ina cewa amin, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina jiki kamar na wa ba. A hotunan kalanda kullum jaririn tsaf yake, kamar an yi masa wanka da madara. Amma jiki ai shi ne wannan da nake wankewa safe da yamma. Jiki yana zufa, yana tsami, yana kashi, ƙarfe na cin sa. In har da gaske ya zama mutum, to akwai ranar da uwarsa ta ɗaga zanen goyo ta yamutsa fuska.

Ban san ko wannan saɓo ba ne. Ban kuma san me ya sa bai sanyaya mini rai ba. Shi ya zaɓi jiki da kansa, ni kuwa da za a ba ni zaɓi yau da na ajiye nawa na huta.

Talata, 10 ga Disamba, da la'asar

Mas'udu ya dawo. Ya zo da kaza baƙa mai ɗaure da ƙafa, da wake a ƙullin leda, wai in ji Hajjo. Mutanen da suka bar gonarsu suna raɓe a gidan wani, su ne da kawo mini kaza. Na ce ba zan karɓa ba, ya ce in na mayar Hajjo za ta yi kuka.

Ya ce, "Tun randa nik kai mata maganarki tat tashi tad dahwa tuwo. Kuma Inna, mutanen dajin sun kira mu. Su ma sun ce shina nan lahiya. Babur sunka ce a kai musu, sabo, su sako shi."

Na ce, "Kun ji muryarsa?"

Ya ce a'a, sun ce yana wani sansani can ciki. Dattawan gida sun so su tsaya sai an ji murya, amma shi ya ce musu wanda ya kwana da shi a sarƙa ɗaya ya shaida, me kuma ake nema? Shi da kansa zai kai babur ɗin in ya samu.

Na kwance kazar na sake ta a tsakar gida. Tana ta kiwonta.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Ya yi magana.

Ina matse tsumma a kan ciwon, sai na ji murya a saman kaina, a shaƙe, kamar ta wani tsoho. Ya ce, "Nan ƙahwatai take." Ya nuna gefen ƙafarsa, wurin da ba kowa. Na saki tsumman.

A hankali ya yi ta fitowa, yana yi yana hutawa. Kwana talatin da uku suna ɗaure tare, shi da Yahuza. In Yahuza zai yi salla dole Irmiya ya miƙe tare da shi, ya durƙusa tare da shi, don sarƙar gajera ce. Har ya san lokutan, shi ke taɓa shi ya ce azahar ta yi. In ɗayansu zai kewaya, ɗayan ya juya kai ya yi ta waƙa ƙasa-ƙasa don kar ɗan'uwansa ya ji kunya. Da zazzaɓi ya kama Irmiya, Yahuza ne ya riƙa jiƙa tuwo da ruwa yana sa masa a baki da yatsa. Daga baya ciki ya kama Yahuza. Kwana biyar.

Ranar Asabar da hantsi, kwana uku kafin Irmiya ya iso gida.

Ba zan rubuta kalmar ba. Sun buɗe kwaɗon, suka ce Irmiya ya ja shi can bakin kwari. Ya ɗauke shi a baya. Ya kwantar da shi a gefen dama, fuska gabas, yadda Yahuza ya koya masa tun yana iya magana, ya rufe shi da ganye da duwatsu. Da ya ɗago ya ga ba wanda ya biyo shi, sai ya ci gaba da tafiya. Abin da ya sa mijina ke ɗakina ke nan. Wannan ne ikon da aka ce na gani.

Ya kama hannuna, karo na farko tun dawowarsa. Ya ce Yahuza ya bar saƙo: "Ka hwaɗa ma Hajjo da bakinka, kana gabanta. Kar ta ji a waya, kar ta ji a bakin mutane. Ka ce na yahe mata, ta yahe min." Ya ce da zarar ƙafar ta ɗauke shi zai je. Sannan ya tambaye ni, "Kamar na ji kin ambaci ƙanensa wata rana. Ko mafarki na yi?"

Na ce mafarki ya yi.

Juma'a, 13 ga Disamba, da safe

Ban kira ba.

Asabar, 14 ga Disamba, da yamma

Kwalin ashanar yana cikin aljihun keken ɗinki, tare da allurai. Duk sanda na buɗe in ɗauki zare sai mun haɗa ido. Riga tara. Ya ci tuwo rabin malmala yau, ya kamata in yi murna.

Ban kira ba.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe uku

Na kira. Na shiga bayan gida na rufe ƙofa, na haddace abin da zan ce tun a coci, ana wa'azi ina maimaitawa a zuciya. Yana ɗauka ya ce, "Inna! Ina wuni? Ya jikin maigida?" Kafin in buɗe baki ya ce ga Hajjo kusa, bari ta gaishe ni.

Muryarta ƙarama ce, mai sanyi. Ta ce, "Yaya, ban san ki ba, amma kullum ina saka ki a addu'a. Ke kinka maido min da raina."

Na ce ba komai. Na tambayi yara. Ta ce suna lafiya, ƙaramar kullum sai ta share wurin da babanta zai zauna. Na ce Allah ya raya. Na ce a gaida mutanen gida. Na kashe.

Shi ma mamacin ai cewa ya yi kar ta ji a waya. Da wannan nake ta lallashin kaina tun ɗazu. To ga shi na rubuta kalmar.

Talata, 17 ga Disamba, da hantsi

Yaya Talatu ta zo daga Bungudu da Lami, don yarinyar ta ga babanta. Lami ta zauna minti biyar a ɗakin ta fito tana kuka, na ce gara ta koma wurin Yaya har abubuwa su daidaita. Na ja Yaya kicin na gaya mata komai. Na ɗauka za ta zage ni. Da ta zage ni ma da ya fi.

Ta ce, "Ke Afiniki, kama bakinki. Kin san mi za a ce? Mutum biyu sarƙa guda, Kirista ya hito, Musulmi ya mutu, kuma matar Kiristan ta yi ƙarya. Wa za ki tsaya ki yi ma bayani? Ki bari har maigidanki shi miƙe, maza su je su yi maganar maza."

Na ce kafin nan fa in Mas'udu ya shiga daji?

Ta ce babur sabo ba a rana ɗaya talaka ke samunsa ba, ko wata uku ba su haɗa ba. Ta ce kuma hanyar Tsafe ba wurin zuwan mace ba ce yanzu, in aka ɗauke ni wa zai wanke wa Irmiya ƙafa? Duk abin da ta faɗa akwai hankali a ciki. Na ji daɗinsa ƙwarai, kuma jin daɗin nan ne ya ba ni tsoro.

Laraba, 18 ga Disamba, da azahar

Na ɗinka hannun riga a bai-bai, sau biyu. Shekara ashirin ina kan keke ban taɓa yi ba.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na yi maganar. Coci ya cika, har 'yan mata sun zo. Ban duba takarda ba ko sau ɗaya.

Na ce musu Allah yana da mala'iku ba iyaka, da aike yake so da ya yi ta aike har duniya ta tashi. Amma da abin ya yi tsanani bai aika ba, zuwa ya yi da ƙafarsa. Ya kwanta a ciki wata tara, aka yanke masa cibi, aka goya shi, ya yi tuntuɓe ya fasa yatsa kamar 'ya'yanmu. Ya zauna inda muke wari bai toshe hanci ba. Na ce to ku ma in 'yar'uwarku na cikin wahala kar ku tura yaro da kwano, kar ku tsaya a gaisuwar waya, ku kai ƙafarku, ku zauna a tabarmarta. Na ce wanda ya ƙi kai jikinsa inda ake kuka, bai san abin da ake yi wa biki ran Kirsimeti ba.

Wata ta rangaɗa guɗa. Tsohuwa Saraya tana share hawaye da bakin ɗankwali. Mama Fasto ta rungume ni ta ce, "Ruhu ne ya yi magana ta bakinki." Ban san wanda ya yi magana ba, amma na san wadda ke tsaye a wurin, kuma na tsane ta. Ban taɓa iya magana kamar yau ba, ban kuma taɓa jin ƙyamar kaina kamar yau ba.

Shi daga sama ya taho, ya san abin da za a yi masa in ya iso, bai fasa ba. Ni Gusau zuwa Tsafe, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba.

Asabar, 21 ga Disamba, da hantsi

Mas'udu ya kira. Sun samu babur. Dangi ne suka taru, har surukansu na Rawayya. Yaya Talatu da wata ukunta.

Ya ce ranar Alhamis zai shiga, in Allah ya yarda. Na ce, "Mas'udu, kar ka tafi sai na zo. Akwai maganar da zan yi da Hajjo." Ya yi dariya ya ce Inna da kanta za ta zo Tsafe? Ai sai su yanka wata kazar. Na ce da gaske nake, ka jira ni. Ya ce to, Inna, to.

Na lissafa. Saura riga uku, mata za su zo karɓa Litinin da Talata. Laraba Kirsimeti. In an tashi daga coci ranar Laraba sai in hau mota, in isa da la'asar, kwana ɗaya kafin tafiyarsa. Ya isa.

Lahadi, 22 ga Disamba, da yamma

Ya isa. Na sake lissafawa, ya isa.

Litinin, 23 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Irmiya ya fito tsakar gida yau, da sanda, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Kazar nan ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarsa. Shi da dabba ba ta wuce shi bai tanka ba, ya dube ta ya ce, "Wagga ba tamu ba ce. Ina kinka samo ta?"

Ƙarya ta zo bakina, a shirye, har da sunan maƙwabciyar da zan ce ta ba ni. Na gaji. Na zauna a ƙasa na gaya masa tun daga farko, da ƙofar gida, da goshin Mas'udu a ƙasa, da babur, da Alhamis.

Bai yi mini tsawa ba. Ya dube ni ya ce, "Mutumen da yas sa min tuwo a baki, Afiniki." Ya ja sanda ya miƙe ya nufi ƙofa, ba takalmi, wai Tsafe za shi. Taku shida ya yi ya faɗi. Ciwon ya buɗe. Ina ƙoƙarin ɗaga shi yana ture hannuna yana rarrafe, yana cewa mutanen dajin ba su sakin wanda ya kai musu fansa, in ba su da wanda za su bayar riƙe mai kaiwa suke, ya gani da idonsa sau biyu. Wannan ban sani ba. Da na tambaye shi da na sani.

Na ce ni zan je, gobe da sassafe, ya ba ni saƙon in kai da bakina. Ya ce in kira Mas'udu yanzu-yanzu in ce kar ya motsa. Na kira sau tara. Ba ta shiga.

Mata uku sun zo karɓar anko na miƙa musu ta ƙofa, ɗaya ba a yi wa kalmasa ba ma.

Talata, 24 ga Disamba, bayan magariba, a Tsafe

Na bar Irmiya a hannun Mama Fasto, na hau motar farko. Ba abin da ya faru a hanya. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, mun tsaya wurin sojoji, wata mata kusa da ni tana ta cin gyaɗa. Hanyar da na yi kwana goma sha biyu ina tsoro, ko tayar mota ba ta yi faci ba.

Na sami gidan ba wuya. Ina sallama wata mace ta fito da gudu ta rungume ni, gajera, mai fara'a. Hajjo ce. Ta sha sabon kitso, ƙananan shuku, hannu da ƙafa sun sha lalle ja wur, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Ta ce, "Yaya, kin zo a sa'a! Yau muke sa ran su." Na ce su wa? Ta ce Mas'udu ai tun jiya da asuba ya shiga. Mutanen sun kira ranar Lahadi sun ce ba Alhamis ba, Litinin, ko a fasa. Ya ce a ba ni haƙuri in na zo, ba zai iya jira ba.

Na zauna a bakin ƙofa. Ta kawo ruwa. Na ce ta ajiye, ta zauna a gabana. Na kama hannuwan nan biyu masu lalle na faɗa mata, yadda ya ce a faɗa. Na ce ya yafe mata, yana roƙon ta yafe masa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Yaushe?" Na gaya mata ranar. Ta ƙirga a yatsu. Ta ce, "Wa yar ruhe shi?" Na ce mijina, da hannunsa. "Ina yas sa huskatai?" Na ce gabas, a gefen dama. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya saka masa. Sai ta dubi tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wata guda ke nan ina cikin takaba ban sani ba. Matar mamaci ba ta kitso, ba ta lalle, ba ta turare. Ni ko sau biyu ina ƙunshi." Ta ɗago. "To wa yac ce shina da rai?"

Na ce ni ce. Na ce mijina bai faɗa ba, a lokacin ko magana ba ya yi, ni na ƙirƙira don na kasa kallon idon Mas'udu. Na ce kuma kwana goma sha biyu ke nan da na san gaskiya.

Ta zare hannuwanta daga nawa, a hankali. Ta ce, "Ranar da kika kira, kin sani?" Na ce na sani. Ta tashi ta ɗauko dutsen goge kaushi ta zauna bakin rariya tana dirzar hannunta. Lallen bai fita ba, fatar ce ta fara fita.

Kafin azahar gida ya cika. Malam Shu'aibu ya tara maza a zaure suka yi addu'a. Uwani, matar Mas'udu, yarinya ce da ba ta girmi Lami tawa da shekara huɗu ba, ita ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce ni na tura mijinta, ta ce da bakina na kashe mata shi, ta faɗi abubuwa a kaina da kan iyayena har muryarta ta dushe. Mata suna janta tana fizgewa. Ban kare kaina ba, ba inda ta yi kuskure.

Malam Shu'aibu ya aiko a gaya mini akwai mota ta ƙarshe in ina son komawa, ba wanda zai taɓa ni. Na ce in za a bar ni zan zauna. Ba wanda ya ce zauna, ba wanda ya ce tafi. Can da la'asar Hajjo ta zo ta zauna a ƙasa ta ba ni baya, ta miƙo mini tsinke ta kan kafaɗa ba tare da ta dube ni ba. Ta ce hannunta ba ya iyawa. Na tsefe mata kitson, ɗaya bayan ɗaya. Mai kitson ta iya, ta ja shi sosai don ya daɗe.

Duk babur ɗin da ya wuce a waje sai gidan ya yi tsit.

Laraba, 25 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Yanzu a Gusau mata sun shiga coci cikin anko suna rawa. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, iyakar abin da ya fito shi ne, Yesu, kai da ka san jiki, ka san inda yaron nan yake. Ban ji komai ba.

Wayar Mas'udu ta fara shiga tun da safe. Ba shi ke ɗauka ba, mutanen dajin ne.

Malam Shu'aibu ne ya yi magana da mai ɗaukar, a zaure, ya shigo bai dubi kowa ba ya ce a ci gaba da addu'a. Uwani ta faɗi nan tsakar gida. Ni ce kusa, ni na tare ta. Ta dake ni a ƙirji sau biyu, ta kira ni da sunan da ta kira ni jiya, sannan ƙarfinta ya ƙare ta sulale. Kwana biyu ba ta runtsa ba. Yanzu barci ya ɗauke ta, kanta a cinyata, bakinta a buɗe, yawunta ya jiƙa mini zane. In ta farka za ta tuna ko ni wace ce.

Da hannu ɗaya nake rubutu. Ƙafata ta sage tun ɗazu, ban motsa ba.